Gishiri da sukari: Ƙofar cikin hanji da ke ceto rayuwar mai gudawa

Da zarar damina ta kankama, magudanai suka cika suka fara amayar da abin da ke cikinsu, ma'aikatan lafiya a Kano sukan shiga shirin karɓar masu fama da amai da gudawa. Daga Cibiyar Lafiya Matakin Farko ta Unguwa Uku har zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Titin Zariya, abin da ake fara miƙa wa mai gudawa matuƙar yana iya haɗiya shi ne 'yar ledar garin gishiri da sukari, wadda aka fi sani da ORS. Babu kantin kemis a Gyadi-Gyadi ko Tarauni da za a nema a ce baƙuwa ce.

Sai dai an ce araha ba ta ado. Da yawa daga magidanta na kallon ledar a matsayin abin rage zafi kafin a samo "maganin gaske". Wani zai saya wa yaro Flagyl, wani zai dage sai an yi masa ƙarin ruwa, wata uwar kuma za ta dama gishiri da sukari da ka, ba tare da awo ba, ko ta ba yaron lemon kwalba tunda shi ma akwai zaƙi. Wasu ma sukan ce ai gudawar haƙori ce, za ta wuce da kanta.

Abin da ke cikin lamarin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2021 kaɗai, Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa tare da Bauchi da Jigawa da Zamfara. Abin da ke kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki, kuma wannan ne ainihin abin da ledar ke magancewa. Domin a gane dalilin da ya sa dole a haɗa gishirin da sukarin, da dalilin da ya sa awo ke da muhimmanci, sai an leƙa yadda ƙwayoyin halittar jiki ke shigar da kaya cikinsu.

Katanga da ƙofofinta

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya gani, waɗanda adadinsu ya haura tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana kewaye da wani siririn tantani mai maiƙo. Sirantarsa ta kai sai an jera kusan dubu goma kafin su yi kaurin takarda guda. Duk da haka, katanga ce mai ƙarfi. Kamar yadda ruwa ba ya gauraya da mai, abubuwan da ke narkewa a ruwa, irin su gishiri da sukari, ba sa iya ratsa wannan maiƙo kai tsaye.

Saboda haka a jikin katangar akwai ƙofofi, kuma kowace ƙofa wani nau'in furotin ne da ke zaune daram a cikin tantanin, kai a waje, ƙafa a ciki. Ƙofofin suna da zaɓe: wadda ke shigar da sukari ba ta karɓar wani abu daban, wadda ke fitar da wani sinadari ba ta san da zaman sauran ba.

Akwai ƙa'ida guda da ke tafiyar da zirga-zirgar. Duk abin da ya narke a ruwa yana gangarawa ne daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, kamar yadda ruwan sama ke bin gangare. Wannan ba ya buƙatar wani ƙarfi, ƙofa kawai yake nema. Amma idan ƙwayar halitta tana son ta tara wani abu a cikinta fiye da yadda yake a waje, tamkar tura kura cike da jarkoki ne zuwa kan tudu: dole a kashe ƙarfi.

Famfo da tanki

Gishirin girki sinadarai biyu ne a haɗe, sodiyam da kuloraid, waɗanda ke rabuwa idan ya narke. A ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin halitta, sodiyam yana kai wa kimanin milimol 140 a kowace lita, alhali a cikin ƙwayoyin bai wuce 10 zuwa 15 ba. Milimol ma'auni ne da ake ƙirga yawan ƙwayoyin sinadari da shi. Wato sodiyam ɗin waje ya ninka na ciki kusan sau goma.

Wannan bambanci aikin wani furotin ne da ke aiki kamar famfo, dare da rana. A kowane juyi yana fitar da sodiyam uku waje, ya shigo da wani sinadarin mai suna fotasiyam guda biyu, yana ƙona makamashin da jiki ya samu daga abinci. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Jens Christian Skou ne ya gano shi a 1957 lokacin da yake bincike a kan jijiyoyin ƙaguwa, kuma aikin ya sa ya samu lambar yabo ta Nobel a 1997.

Duk wanda ke da rijiyar burtsatse a gida ya san hikimar. Idan an kawo wuta, sai a kunna inji ya tura ruwa zuwa tankin da ke sama. Daga nan ruwan zai riƙa saukowa da kansa zuwa kicin da banɗaki ba tare da an sake kunna komai ba. Wutar da aka kashe sau ɗaya ta zama ajiya a cikin tankin. Haka sodiyam ɗin da aka tara a waje yake: kullum yana neman hanyar komawa ciki. Ƙwayar halitta kuwa ba ta barinsa ya shiga kyauta. Sai ta ɗora masa kaya.

Motar da ba ta tashi sai ta cika

A nan ne ƙofofin haɗin gwiwa suka shigo. Irin wannan furotin yana ɗaukar abubuwa biyu a lokaci guda, ɗaya mai gangarawa, ɗaya mai hawa, sai ƙarfin mai gangarawar ya ja ɗayan. Iri biyu ne. Akwai wanda ke tafiya da su biyun zuwa wuri ɗaya. Akwai kuma na musaya, irin cinikin ba ni gishiri in ba ka manda, inda sodiyam ke shiga, wani abu kuma ya fita.

Wanda ya shafi mai gudawa yana cikin rukuni na farko, kuma masana suna kiran sa SGLT1. Yana zaune ne a fuskar ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙaramin hanji, ta ɓangaren da abinci ke wucewa. Wanda ya taɓa zama a Tashar Unguwa Uku yana jiran motar Zariya ko Kaduna ya san cewa mota ba ta tashi sai kujeru sun cika. SGLT1 mota ce mai kujera uku: biyu na sodiyam, ɗaya ta gulukos, wato nau'in sukarin da jini ke ɗauka.

Ga yadda tafiyar take. Da farko furotin ɗin yana buɗe ta ɓangaren hanji. Sodiyam biyu su shiga su zauna, zamansu ya gyara siffarsa ta yadda gulukos zai samu wurin zama. Da gulukos ya hau, sai ƙofar waje ta rufe, ta ciki ta buɗe, fasinjojin uku su sauka a cikin ƙwayar halittar. Sannan furotin ɗin ya juya fanko domin ɗauko wasu. Idan babu gulukos, sodiyam ba zai samu wucewa ta wannan ƙofa ba. Idan babu sodiyam, gulukos zai tsaya a tasha. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan sun shiga, famfon da aka ambata yana fitar da sodiyam ɗin ta ƙofar baya, wato ɓangaren da ke fuskantar jini, gulukos kuma ya bi ta wata ƙofar tasa mai suna GLUT2 ya shiga jini. Kuloraid yana biyo sodiyam ta tsakanin ƙwayoyin. Da haka cikin ƙwayar yake kasancewa da ƙarancin sodiyam a kullum, motar kuma ta ci gaba da jigila.

Ruwa yana bin gishiri

Har yanzu ba a ambaci ruwa ba, alhali shi ne abin da mai gudawa ya fi buƙata. Jiki ba shi da famfon da ke tura ruwa kai tsaye. Ruwa mabiyi ne: duk inda gishiri da sukari suka fi yawa, nan yake nufa. Kowace mai girki ta ga haka. Idan aka barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ko albasa, ba a jimawa za a ga ruwa ya tsatso. Don haka idan hanji ya tsotse gishiri da gulukos zuwa jini, ruwa zai biyo su. Idan kuwa suka taru a cikin hanjin, ruwa zai baro jini ya same su a can.

Hada-hadar ruwan da ke cikin hanji ta fi yadda ake zato. A kowace rana kimanin lita tara ke ratsa hanjin babban mutum. Kusan lita biyu ne kawai daga abin da ya ci ya sha. Ragowar yawu ne da ruwan ciki da na matsarmama da sauran ruwan narkar da abinci da jiki ke zubawa da kansa. Kusan dukkansa hanji ke mayarwa cikin jini, abin da ke fita a bayan gida bai cika wuce mililita 200 ba. Ɗan cikas kaɗan a wannan lissafi ya isa ya jefa mutum cikin hatsari, balle yaro ƙarami da ajiyar ruwan jikinsa ba ta da yawa.

Abin da kwalara ke ɓatawa, da abin da ta bari

Ƙwayar cutar kwalara ba ta shiga jini, kuma ba ta yayyaga hanji. Guba take fitarwa, wadda ke shiga ƙwayoyin hanji ta rikita musu umarni. Abu biyu ke faruwa. Na ɗaya, wata ƙofar kuloraid takan buɗe ta ƙi rufuwa, sai kuloraid ya riƙa kwarara zuwa cikin hanji, sodiyam da ruwa su bi shi. Na biyu, ƙofar musayar da ke shigar da sodiyam ta fitar da sinadarin tsami, wadda ita ce babbar hanyar tsotsar gishiri idan babu abinci, takan tsaya. Sakamakon shi ne zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, wanda a babban mutum zai iya kai wa lita guda a cikin awa ɗaya. Mutumin da ya fita kasuwa da safe garau zai iya galabaita kafin magariba.

A irin wannan hali, ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da aka rasa. Ruwan gishiri kaɗai kuma ba shi da ƙofar shiga, tunda an rufe ta. Amma gubar ba ta taɓa SGLT1. Motar tana nan lafiya lau, fasinja ɗaya kawai take jira. Da an zuba gulukos tare da gishiri, sai jigila ta dawo, ruwa ya fara komawa jini ko da zawon bai tsaya ba. Haka ma a gudawar yara da ƙwayar cutar rota ke haddasawa: duk da tana lalata wani sashe na fatar hanji, ƙofofin da suka rage sukan wadatar.

Wannan ya amsa ƙorafin da ake yawan ji cewa "an ba shi ORS amma gudawar ba ta tsaya ba". Aikin ORS shi ne mayar da abin da ke zuba, har zuwa lokacin da jiki zai kori cutar, wanda a galibin gudawa kwanaki kaɗan ne.

Daga ɗakin bincike zuwa sansanin 'yan gudun hijira

A watan Agustan 1960, a wani taron masana a birnin Prague, wani Ba'amurke mai suna Robert Crane ya gabatar da bayanin cewa hanji yana tsotsar gulukos ne tare da sodiyam, da ƙarfin gangarowar sodiyam ɗin. Shi ne karon farko da aka bayyana irin wannan jigilar haɗin gwiwa. A lokacin, maganin kwalara mai tsanani shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, wanda ke buƙatar ruwa mai tsafta na musamman da allura da ƙwararren ma'aikaci.

A 1968, likitoci biyu, David Nalin da Richard Cash, da ke aiki a cibiyar binciken kwalara ta birnin Dhaka, suka nuna cewa shan ruwan gishiri da gulukos yana rage buƙatar ƙarin ruwa matuƙa a masu kwalara. Babbar jarrabawar ta zo a 1971, lokacin yaƙin neman 'yancin Bangaladash. Kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Dokta Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama haɗin a cikin durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ɗiba suna ba su da kofi. A cikin sama da mutum 3,000 da aka kula da su ta haka, mace-mace ta sauka daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa kashi 3.6. A 1978 mujallar likitoci ta The Lancet ta bayyana gano wannan haɗin gwiwa a matsayin abin da ka iya zama ci gaba mafi muhimmanci a fannin likitanci a ƙarni na 20. Shi kansa furotin ɗin sai a 1987 aka tantance shi a ɗakin binciken Ernest Wright da ke Amurka, bayan maganin ya riga ya ceci miliyoyi.

Kwalarar wannan zamani ta shigo Afirka ta Yamma a 1970 ta ƙasar Gini, ta iso Najeriya a ƙarshen shekarar. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka yi gagarumin gangamin koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari a gida. A duniya baki ɗaya, an ƙiyasta cewa gudawa tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin miliyan 4.6 a shekara a wajejen 1980. A yau adadin bai kai rabin miliyan ba, kuma ORS na cikin manyan dalilan raguwar, tare da tsaftataccen ruwa da rigakafi.

Awon shi ne maganin

Ledar ORS ta lita ɗaya, bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002, tana ɗauke da giram 2.6 na gishiri, giram 13.5 na gulukos, giram 1.5 na gishirin fotasiyam da giram 2.9 na sitiret, wanda ke rage tsamin jini da gudawa ke jawowa. Idan aka dama a lita guda, sodiyam zai zama milimol 75, gulukos ma 75. Mai lura zai tambaya: tunda motar kujera biyu ta ba sodiyam, me ya sa aka zuba su daidai? Dalili shi ne hanjin mai gudawa cike yake da sodiyam ɗin da jiki ke zubarwa, kuma motar tana kwashe har da shi ta mayar.

Jimillar kaurin haɗin, wato yawan duk abin da ya narke a ciki, 245 ne, ƙasa da na jini da ke kusa da 290. An yi haka da gangan domin ruwa ya nufi jini. Tsohon haɗin da aka yi amfani da shi kafin wannan kaurinsa 311 ne. Da aka rage shi, gwaje-gwaje suka nuna yawan zawo da amai sun ragu, buƙatar ƙarin ruwa ga yara ta sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Daga nan za a gane illar haɗin da ka. Idan sukari ya yi yawa, motocin sukan cika su bar saura a tasha, ragowar kuma ya jawo ruwa daga jini zuwa hanji, gudawa ta ƙaru. Wannan ce matsalar lemon kwalba: a lita guda akwai sukari kimanin giram 100, sodiyam kuwa ɗan mitsitsi. Idan gishiri ne ya yi yawa, ko aka dama ledar lita guda a kofi ɗaya don "ta yi ƙarfi", sodiyam zai hau a jinin yaro ya tsotse ruwan ƙwaƙwalwarsa, abin da kan kai ga jijjiga har ma da rasa rai. Idan kuma ruwan ya yi yawa, haɗin ya zama salam, ba ya biyan bashin gishirin da aka rasa.

Akwai yaran da ko daidaitaccen ORS sai an yi hattara da shi a kansu, su ne masu tsananin tamowa, irin waɗanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da su a cibiyar Unguwa Uku. Yunwa mai tsawo tana rage wa famfon sodiyam ƙarfi, sai sodiyam ya taru a cikin ƙwayoyin jikin yaron, fotasiyam ya zube, zuciya kuma ta yi rauni. Shi ya sa ake da wani haɗi na daban dominsu mai suna ReSoMal, mai ƙarancin sodiyam da ƙarin fotasiyam, wanda ma'aikatan lafiya ke bayarwa a hankali suna lura. Yaron da ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, idan ya fara gudawa, asibiti za a nufa da shi kai tsaye.

Ba a hanji kaɗai ba

Wannan dabara ta ɗora wa sodiyam kaya tana ko'ina a jiki. Ƙoda tana tace kimanin lita 180 na ruwan jini a rana, a ciki har da gulukos kusan giram 180. Wata ƙofa 'yar uwar ta hanji mai suna SGLT2 ce ke mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wannan sukari, SGLT1 ta kwashe saura, shi ya sa fitsarin mai lafiya ba shi da zaƙi. Idan sukarin jini ya yi yawa har motocin suka gaza, sai ya tsallake zuwa fitsari ya ja ruwa tare da shi. Wannan ne dalilin yawan fitsari da ƙishirwar mai ciwon suga, da kiyashin da kan taru inda ya yi fitsari. Sababbin magungunan ciwon suga irin su dapagliflozin da empagliflozin, waɗanda suka fara fitowa daga 2012, suna toshe SGLT2 ne da gangan domin sukari ya fita.

Maganin fitsari na furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, da ake ba masu kumburi da ciwon zuciya, shi ma wata ƙofar haɗin gwiwa yake toshewa a ƙoda, wadda ke ɗaukar sodiyam da fotasiyam da kuloraid tare. Duk mai shan ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, idan amai da gudawa suka kama shi, ya tuntuɓi likitansa da wuri, domin suna ƙara fitar da ruwa daga jikin da ke cikin rashi. A wuya kuma, wata ƙofar ce ke amfani da sodiyam biyu ta jawo aidin guda zuwa cikin halittar da ke kumbura ta zama maƙoƙo idan aidin ya yi ƙaranci. Aidin ɗin da doka ta wajabta sa wa a gishirin Najeriya tun farkon shekarun 1990 ta wannan ƙofa yake shiga.

Abin da ya kamata a yi a gida

A wanke hannu da sabulu, a duba abin da aka rubuta a jikin ledar, a juye ta gaba ɗaya a cikin adadin ruwan da aka ce. Idan ta lita ɗaya ce, ledar fiya wata biyu masu 50cl sun cika awon, ko kuma ruwan da aka tafasa ya huce. Kada a ƙara sukari, kada a haɗa da madara ko lemo. Abin da ya kwana ya wuni, wato ya wuce awa 24, a zubar a dama sabo.

Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi mililita 50 zuwa 100, wato rubu'i zuwa rabin babban kofi, da cokali, kaɗan-kaɗan. Daga shekara biyu zuwa goma, 100 zuwa 200. Manya su sha iya yadda suke buƙata. Idan ya yi amai, a dakata minti goma sannan a ci gaba a hankali. Kada a yanke nono, kada a hana abinci. Kunu da ruwan dafaffiyar shinkafa mai ɗan gishiri suna taimakawa, domin sitacin hatsi yana narkewa ya zama gulukos sannu a hankali, ya riƙa ba motar fasinja ba tare da cunkoso ba.

Idan dare ya yi babu leda a gida, a lita guda ta ruwa mai tsafta a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, duk a shafe, ba masu tozo ba. Sukarin shayi rabinsa ne gulukos, shi ya sa awonsa ya kusa ninka na leda. Haɗin kada ya fi hawaye gishiri. Wannan na wucin gadi ne, domin babu fotasiyam a ciki. Gari na wayewa a nemo leda.

Tun 2004 hukumomin biyu suka ba da shawarar a haɗa wa yara da ƙwayar zink: miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata shida ba. Tana rage tsawon gudawar, tana kuma rage dawowarta a watannin da ke biye, shi ya sa ake so a ƙarasa ta ko da yaro ya warke. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba kowace gudawa ke buƙatarsu ba. Ma'aikacin lafiya ne zai tantance, kamar a atini mai jini ko kwalara mai tsanani. Rigakafin cutar rota ma ya shiga jerin rigakafin yara na yau da kullum a Najeriya tun 2022.

Akwai iyakar da ledar ba ta wucewa. Idan mara lafiya ya kasa sha, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi laushi yana ta barci, idanu suka faɗa, maɗigar jariri ta loɓa, fatar ciki ta ƙi komawa da sauri idan an ja ta, fitsari ya ɗauke, ko aka ga jini a bayan gida, ko zawon ya zama fari mai yawa, a garzaya asibiti mafi kusa. A nan ne ƙarin ruwa ta jijiya ke da muhalli, domin jini ya riga ya yi ƙasa fiye da yadda hanji zai iya cike gurbin a kan lokaci. Ko a hanyar zuwa, matuƙar yana iya haɗiya, a ci gaba da ba shi yana kurɓa.

Ga magidancin da ke fita tun safe zuwa kasuwa ko ofis, abin yi tun kafin buƙata ta taso shi ne ajiye leda uku ko huɗu da katin zink a gida, da tabbatar da cewa duk wanda ke kula da yara ya san awon ruwan da ake damawa da shi.